Kundin Aikin Ɗakin Birel a Wata Firamare ta Jos

Litinin, 23 ga Satumba 2024

Yau aka buɗe ɗakin koyar da birel, watau rubutun makafi da ake karantawa da yatsa. Tsohon sito ne a ƙarshen jerin azuzuwan wata firamare da ke Jos ta Arewa, tsawonsa mita 6, faɗinsa mita 4, taga biyu. Yara 9 ke cikin rajista, 'yan shekara 6 zuwa 11. Biyar makafi ne, wasu ko haske ba sa gani, wasu haske da duhu kawai suke bambancewa. Huɗu suna da sauran gani, biyu daga cikinsu zabiya. Kowane yaro zai ci gaba da zama a ajinsu tare da masu ido, ya shigo nan na awa ɗaya da rabi kullum. Malamai biyu ne masu horon ilimi na musamman, sai ɗaliba ɗaya daga Jami'ar Jos da ta zo koyon aiki.

Abin da ke cikin kabad: allon birel na aljihu 6, kowanne layi 4, kowane layi gida 28 (gida shi ne wurin harafi ɗaya), babban allo 2 mai cin takardar A4, tsinken rubutu 10, na'urar Perkins ta buga birel ɗaya ta aro, abakus na lissafi 4, farar sanda 3, takardar birel ƙunshi ɗaya.

Teburan makarantar ba su yi ba, samansu a karkace yake. An kai awo wurin kafinta a Kasuwar Katako. Ƙa'idar ita ce yaro ya zauna tafin ƙafarsa a ƙasa, gwiwar hannunsa ta ɗan ɗara saman tebur, yadda hannu zai riƙa zamewa ba tare da kafaɗa ta ɗaga ba. An ce a kafa ɗan katako mai tsayin santimita 2 a gefe uku na kowane tebur. In babu shi tsinke zai gangara ƙasa, kuma yaron da ba ya gani in tsinkensa ya faɗi, minti biyar na darasi ya tafi a lalube.

An rubuta wa iyayen yaran nan huɗu masu sauran gani takarda zuwa sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH). Ba za a ɗora wa kowannensu birel ba sai sakamako ya dawo.

Laraba, 2 ga Oktoba

Mako na biyu, kuma har yanzu ba a nuna wa kowa harafi ba. Wani uba ya zo da safe yana tambayar yaushe za a fara karatu, tunda wake da masara kawai ɗansa ke ba da labari a gida. An zaunar da shi an ɗora yatsansa a kan shafin birel. Bai iya ƙirga ɗigon gida ɗaya ba.

Ga dalilin jinkirin. Gidan birel ɗigo shida ne, jeri biyu a tsaye: 1, 2, 3 a hagu daga sama zuwa ƙasa, 4, 5, 6 a dama. Haɗuwarsu ke ba da alamomi 63. Tsayin ɗigo kusan rabin milimita ne, tsakanin ɗigo da ɗigo milimita biyu da rabi. Louis Braille, Bafaranshen da ya tsara rubutun a 1824 yana ɗan shekara 15, ya rage gidan ne daidai yadda naman kan yatsa ɗaya zai rufe shi a taɓawa guda. Yatsan da bai saba rarrabe ƙananan abubuwa ba, ƙuraje kawai zai ji. Yawancin yaran nan kuwa sun taso ana yi musu komai, ana ba su abinci a baki, ana saka musu riga. Hannunsu ba ƙarfi ba natsuwa.

Jerin aikin kullum, minti 40:

Na farko tsintar hatsi. A haɗa wake da masara a faranti, yaro ya raba su kofi biyu. In ya yi kwana uku ba kuskure, a koma masara da dawa, sannan dawa da gero. An gwada acca, an bari: ta yi ƙanƙanta, tana maƙale wa yatsa, yaro ya gaji ya zubar.

Na biyu ƙarfin yatsu: matse abin shanyar kaya a gefen kwali, murɗa marfin kwalba, zura igiyar takalmi, mulmula yumɓu. Mai huda takarda da tsinke yana buƙatar wannan ƙarfin, in ba haka ba layi biyu zai rubuta hannu ya mutu.

Na uku bin layi. An manna zaren ulu da gam a kan kwali, layi biyar miƙaƙƙu. Yaro ya ɗora manuniyar hannu biyu gefe da gefe, ya bi daga hagu zuwa dama, ya dawo ta kan layin, ya sauka na ƙasa. Daga baya a yanke zaren a tsakiya ya nemo giɓin. Abin lura shi ne nauyin hannu. Uku daga cikin biyar ɗin suna dannawa kamar masu goge tukunya. Maganin da ya yi aiki: a baza marfin kwalba a kan tebur, a ce ya shafa su ya ƙirga ba tare da ko ɗaya ya motsa ba.

Na huɗu kiret ɗin ƙwai. A yanko ramuka shida, biyu a kwance uku a tsaye, a ba yaro tsakuwa. Malama ta ce ɗaya da uku, ya saka. Da wannan ake haddace lambobin ɗigo. Amma kiret ya fi gidan birel girma nesa ba kusa ba, wanda ya iya kiret bai iya karatu ba. Kada a wuce mako biyu a kansa.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Takarda ta ba da matsala. Damina ba ta gama ɗaukewa a Jos ba, kabad ɗin kuma yana jikin bangon da ke tsatsafo. Katunan da aka buga makon jiya sun yi laushi, yatsa biyu ya bi ta kansu ɗigon ya kwanta. An zubar da kati 22. Sauran takardar an mayar da ita cikin bokitin fenti mai marfi, an ɗaga shi daga ƙasa.

Takardar birel ta gaskiya nauyinta ya kusa ninka na A4 ta ofis mai giram 80, kuma tana da tsada. An gwada madadi huɗu da babban allo. A4 zalla tana hujewa, ɗigo ya fashe a kai. A4 biyu a haɗe tana riƙe ɗigo na yini ɗaya, ta isa aikin gwaji. Tsohuwar kalanda mai sheƙi tana ba da ɗigo mai kyau, sai dai yatsa na santsi a kanta in akwai gumi. Fayil ɗin ofis na kwali shi ya fi: ɗigonsa tsayayye, ya jure karatu fiye da sau ashirin. An roƙi tsofaffin fayil daga ofisoshi biyu, za a yanka da reza daidai faɗin allo.

Talata, 15 ga Oktoba

Ranar farar sanda ta duniya, sai aka fara darasin tafiya yau. Sanda uku da ake da su duk na manya ne. Awon sanda daga ƙasa zuwa tsakiyar ƙirji ne, don haka biyu kawai daga cikin yaran za su iya riƙe su. Ƙananan an haɗa musu firam mai kusurwa huɗu da bututun roba na famfo, su riƙe da hannu biyu su tura gabansu.

Yadda ake koya wa manyan: hannu a tsakiyar jiki daidai cibiya, manuniya a miƙe a jikin mariƙi, motsi daga wuyan hannu kawai. Sanda ta taɓa dama lokacin da ƙafar hagu ke takawa, ta taɓa hagu lokacin da ta dama ke takawa. Faɗin lilon ya ɗan wuce kafaɗa kaɗan. Kuskuren farko kullum ɗaya ne: sanda da ƙafa su tafi gefe guda, yaro ya taka wurin da bai bincika ba.

Hanya ɗaya aka zaɓa, daga ƙofar aji zuwa bayan gida. Akwai buɗaɗɗiyar kwata a tsakani da kan dutse da ya leƙo daga ƙasa, abin da ba a rasawa a filin makaranta a Jos. Dutsen an bar shi, ya zama alama: in sanda ta buge shi, a juya dama. Kwatar an rufe ta da katako.

An kuma nuna wa 'yan ajinsu yadda ake jagora. Makaho ne ke riƙe hannun mai ja, sama da gwiwar hannu, yana rabin taki a baya. Ba a jan shi ta riga, ba a tura shi ta baya.

Litinin, 21 ga Oktoba

Haruffan farko: a, b, k, l. Ba a bi jerin abacada ba. Waɗannan huɗun duk a jerin hagu suke: a ɗigo 1, b ɗigo 1 da 2, k ɗigo 1 da 3, l ɗigo 1, 2, 3. Yatsa ba sai ya tantance hagu da dama ba tukuna. Hausa kuma ta yi mana gata a nan, domin da su kaɗai ana rubuta baba, kaka, baka, laka, kaba, akala. A rana ta huɗu yarinya 'yar shekara 9 ta karanta "kaka" ba tare da an faɗa mata ba, ta tsaya, ta sake bi, ta ce a ba ta katin ta kai gida ta nuna wa mai sunan. An ba ta.

Kowane kati an yanke kusurwarsa ta sama a dama, domin yaro ya san ta inda zai riƙe. In ya juya kati, b sai ta zama wata alama dabam. An kuma rubuta kalmar da biro a saman ɗigon saboda na gida su iya duba masa.

Kalmomi masu ɓ, ɗ, ƙ an ɗage su zuwa zango na biyu.

Talata, 29 ga Oktoba

Wani dattijo makaho da ya yi karatu a Gindiri ya amince ya riƙa zuwa duk Talata yana duba katuna. Makarantar makafi ta Gindiri, a ƙaramar hukumar Mangu, mishan ɗin SUM (Sudan United Mission) ya kafa ta a 1953, ita ce ta farko irinta a Najeriya, kuma tsofaffin ɗalibanta suna nan a Filato da hannu mai kyau. Zuwansa na farko ya fitar da kati 14 cikin 60. Malami mai ido da ido yake karanta birel, yana ganin ɗigo shida cif, bai san ɗaya ya fi sauran gajarta ba. Baba ya ce matsalar daga tsinke biyu ne da bakinsu ya yi kaifi, suna huda takarda maimakon su tura ta. An goge bakinsu da sanfefa har ya yi mulmul. Daga yau babu katin da zai je hannun yaro sai ya bi ta hannun mai karatu da yatsa.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Sakamakon ido ya dawo. Uku daga cikin huɗun za su yi karatu da rubutun boko manya, ɗaya kuma ganinsa raguwa yake yi, zai haɗa da birel tun yanzu.

Zabiyan biyu an gyara musu zama: layin gaba, taga a bayansu, hula mai baki ko a cikin aji. An buga musu darasi da haruffa masu girman 18 na kwamfuta, baƙi sosai, an ba su alƙalamin maka mai kaurin rubutu maimakon fensir, an ja musu layin littafi da baƙin biro. Kafinta ya yi musu ɗan allo mai jingina domin littafi ya zo kusa da fuska ba tare da sun duƙa ba. Wata malama ta kan hana su kai littafi kusa da ido, wai zai ƙara lalata shi. An yi mata bayani cewa ba ya lalatawa, hanyar ganinsu ke nan. Batun taron safe kuma an sa su a inuwa. Jos tana kan tudu kusan mita 1,200, sanyin garin yana rufe ƙarfin ranar, fatar zabiya kuwa tana ƙonewa ko ana sanyi.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Nan ne aikin ya cije. Yara uku sun kai haruffa 16, kuma tun da aka shigar da rubutu da allo suka fara musanya haruffa.

Da allo da tsinke, ana huda takarda ta baya, don haka rubutu daga dama yake farawa zuwa hagu, ɗigo 1, 2, 3 suna komawa dama. In an gama a juya takardar a karanta daga hagu. Akwai haruffa takwas da suke tagwayen juna ta wannan juyi: d (1, 4, 5) da f (1, 2, 4), e (1, 5) da i (2, 4), h (1, 2, 5) da j (2, 4, 5), r (1, 2, 3, 5) da w (2, 4, 5, 6). A Hausa musanyar tana haifar da kalma mai ma'ana, shi ya sa yaro ba ya jin ya yi kuskure. Dama ta zama fama, hira ta zama jira, gari ya zama gare, rake ya zama wake. Harafin w ma a Faransancin zamanin Braille ba a cika amfani da shi ba, shi ya sa yake a wajen tsarin jerin. Mu kuwa da wuya a yi layi ɗaya babu shi.

Laifin na tsarinmu ne, ta fuska biyu. An koyar da d da f a mako guda. An kuma riƙa ce wa yara su juya harafin in za su rubuta, sai kowane harafi ya zama yana da siffa biyu a kansu.

Gyaran da aka yi: an daina furta kalmar juyawa gaba ɗaya. Ana cewa gefen farko da gefen biyu. Ɗigo 1, 2, 3 suna gefen da hannu ya fara isa, ko karatu ake ko rubutu. Lambar harafi ba ta canzawa, d ɗaya-huɗu-biyar ce a ko'ina, yaro ya faɗa da baki yana hudawa. An janye f, i, j, w daga katuna na mako biyu. Kowane ɗaya zai dawo shi kaɗai, sai abokinsa ya zauna daram, watau kati 20 a jere babu kuskure kwana uku. Sai a ƙarshe a kawo su gaba da gaba: rake da wake a kati ɗaya.

Akwai masu ganin a bar allo sai yaro ya ƙware da Perkins, tunda ita daga hagu take rubutawa kuma ana iya taɓa harafi nan take. Hujjarsu tana da ƙarfi. Amma Perkins ɗaya ce a ɗakin nan, nauyinta ya kusa kilo biyar, kuma babu gidan da zai iya sayenta a cikin tara ɗin nan. Allo shi ne biron makaho, yana shiga aljihu. Za a ci gaba da shi.

Talata, 3 ga Disamba

Ranar masu buƙata ta musamman ta duniya. An yi amfani da ita an zauna da malaman azuzuwa na awa ɗaya, domin yaran sun fi daɗewa a hannunsu. Abu uku aka roƙa. Malami ya faɗi abin da yake rubutawa a allo da baki, ya daina "a haɗa wannan da wancan". Ya kira sunan yaro kafin tambaya. Ya miƙo darasin mako mai zuwa ranar Alhamis, domin shafi ɗaya na boko yana cin shafi biyu zuwa uku na birel, kuma da hannu ake bugawa.

An auna matakalar ƙofar ɗakin: santimita 30. Gangara mai kyau ana ba kowane santimita ɗaya na tsayi santimita 12 na tsawo, ke nan mita 3.6. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga. Wa'adin ya cika. An rubuta takarda.

Laraba, 11 ga Disamba

Hunturu ya sauka, karatun safe ya lalace. Yaran da ke karanta kati 20 lafiya a Nuwamba yanzu suna tuntuɓe a na biyar. Sanyi yana kashe jin kan yatsa, kaushi kuma yana ƙara masa kauri. An kawo ruwan ɗumi a filas, kowa ya tsoma hannu na minti biyu, ya goge sosai, ya murza tafi. An mayar da birel zuwa bayan tara da rabi, lissafi ya dawo farko. Iyaye sun fara shafa musu basilin da safe, sai maiƙo ya jiƙa katuna ɗigo ya kwanta. An aika saƙo: man kaɗanya da dare, da safe a wanke.

Perkins ta fara maƙalewa, maɓallin ɗigo 3 ba ya dawowa. Ƙura ce. An share da busasshen buroshi, an ɗinka mata riga. Kada a zuba mata man keken ɗinki, yana kama ƙura ya zama laka.

Lissafi yana tafiya. Abakus na Cranmer, irin na makafi, sanda 13 ne, kowace da dutse ɗaya a sama mai darajar biyar da huɗu a ƙasa, da ƙyalle a baya mai hana su zamewa. Kowa ya iya saka 1 zuwa 9. Inda ake tsayawa shi ne 4 a ƙara 1: a sauko da biyar, a share huɗu.

Litinin, 13 ga Janairu 2025

An dawo hutu. Yara 8 suka zo. Na tara an ce kuɗin Keke Napep ya gagara, ana neman wanda zai riƙa biyowa da shi daga unguwarsu.

Wata ɗaya babu karatu ya ci abin da ya ci. Biyun da aka ba katuna suka tafi da su, kuma akwai mai duba musu a gida, ba su rasa komai ba. Sauran sun koma goge ɗigo sama da ƙasa da yatsa ɗaya. An dawo da bin layi na minti goma kullum. Ƙaramin cikinsu ya dawo da danna ido da yatsa in ya zauna shiru. Tsawa ba ta hana shi. Ana saka masa abin yi a hannu da zarar ya zauna.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Gwajin minti ɗaya, gajerun jimloli na Hausa babu harafi mai ƙugiya. 'Yar shekara 9 kalma 11, kuskure ɗaya. Na biye da ita kalma 7. Na uku kalma 6, har yanzu e da i suna ruɗa shi, sauran tagwayen sun zauna. Ƙananan biyu suna kan haruffa 9, kuma ɗaya daga cikinsu ya je bayan gida ya dawo shi kaɗai sau uku a makon jiya. Mahaifiyarsa ta ce a gida ma ya fara ƙin a riƙe masa hannu.

An shigar da alamar lamba, ɗigo 3, 4, 5, 6, wadda ke mayar da a zuwa j su zama 1 zuwa 0. Tun yau an ga abin da zai biyo baya: 4 da 6 su ne d da f, 5 da 9 su ne e da i, 8 da 0 su ne h da j. Za a raba su mako-mako kamar yadda aka yi wa haruffa.

Fayil ya rage 30, ba zai kai ƙarshen wata ba. Bakin sanda biyu ya cinye, an kai wa mai walda awo. Amsar takardar gangara ba ta zo ba. Baba zai kawo jadawalin ɓ, ɗ, ƙ gobe Talata, za a buga katunan farko ranar Laraba.